Adireshi da lambobin GPS a manhajar kai saƙo: me ya sa taswira ke ɓata a Zariya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina haɗa manhajar waya ta kai saƙo a cikin Zariya: abinci, magani da ƙananan kaya. Ina so idan mai oda ya rubuta adireshinsa, manhajar ta mayar da shi lambobin GPS domin mai babur ya bi taswira. Idan kuma ta ɗauki lambobin daga wayarsa, ta nuna masa adireshi. Matsalata ita ce, in aka rubuta Tudun Wada sai alamar ta faɗa Kaduna, wani lokaci Kano. In kuma na ba ta lambobin wani gida a cikin birni, sai ta kawo min sunan babban titi da ke can nesa, ko ta ce titin ba shi da suna. Daga rubutun manhajata ne, ko in canza kamfanin da nake amfani da sabis ɗinsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sa wa aikin albarka.

Ayyuka biyu ka haɗa a tambayar nan. Na farko, a ɗauki rubutu irin "bayan masallacin Juma'a, Gyallesu" a nemo masa lambobi biyu, latitud (matsayinsa ta arewa ko kudu) da longitud (matsayinsa ta gabas ko yamma). Na biyu, a ɗauki lambobin a nemo musu suna. Zai yiwu rubutun manhajarka lafiyarsa ƙalau, kuma canza kamfani kaɗan zai rage maka. Abin da nake ba ka shawarar ka canza shi ne abin da manhajar ta jingina da shi. A Zariya, alamar da aka dasa a ƙofar gida ita ce abin riƙewa, sai kwatancen da mai gidan ya yi da bakinsa. Adireshin da injin neman adireshi ya kawo shi ne na ƙarshe a jerin, kuma shawara ce kawai.

Yadda injin ke nema

Babu wani lissafi da ke juya suna ya zama lamba. Rumbun bayanai ne da wani ya cika: sunayen tituna, lambobin gidaje, shaguna, iyakokin ƙananan hukumomi. Injin yana yayyanka abin da aka rubuta, ya ce wannan lambar gida ce, wannan titi, wannan gari, sannan ya duba abin da ya fi kama a rumbunsa. An tsara shi ne a ƙasashen da kowane gida ke da lamba a kan titi mai suna, har ta kai in ya san lamba 2 tana farkon titi, lamba 40 tana ƙarshensa, sai ya ƙiyasta inda lamba 20 take. A GRA da wasu titunan Sabon Gari wannan yana ɗan yin aiki. Amma da zarar ka shiga ta Ƙofar Doka ka nufi Kwarbai ko Kusfa, adireshi ya koma lungu na biyu bayan transfoma, zaure mai dakali, gidan Malam wane. Wannan ilimin a kawunan mutanen unguwa yake, ba wanda ya taɓa shigar da shi kwamfuta. Injin kuwa kamar mutumin da ka tambaya hanya ne yana jin kunyar ya ce bai sani ba, sai ya nuna maka abin da ya fi kusa da abin da ya ji.

Sai maimaituwar suna. Akwai Tudun Wada a Zariya, a Kaduna, a Kano, a Jos. Sabon Gari na Kano ya fi namu yawan shaguna a taswira, saboda haka shi ke rinjaye. Akwai Samarun Zariya, akwai Samarun Kataf a kudancin jihar. Wanda ya rubuta Kongo yana nufin harabar ABU ta Kongo, inji na iya tunanin ƙasa yake nufi. Ga kuma rubutu: Unguwar, Anguwan, Angwan, Ung.; Gyallesu da Gyellesu; Ƙofar da Kofar; Zariya, Zaria, Zazzau.

Akwai wani ruɗani da ke fitowa a aiki na biyu. Samaru tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Sabon Gari, Shika kuma tana ƙarƙashin Giwa. Mutum yana tsaye kusa da ƙofar jami'a, manhaja ta rubuta masa "Sabon Gari". A takarda ba ta yi ƙarya ba, amma mai babur da ya karanta zai nufi wajen kasuwa. Lambar gidan waya ma ba ta fitar da kai. Lambobi shida ne, na Zariya suna farawa da 810, sai dai kowace tana rufe yanki mai faɗi, kuma da wuya ka sami mai oda da ya san tasa.

Gyare-gyaren da za su rage ɓata

Kafin mu je ga babban canjin, akwai abin da za ka iya yi yau. Kada ka tura rubutun mutum tsirararsa. Ka taƙaita neman ga Najeriya, ka liƙa "Zaria, Kaduna" a ƙarshen rubutun, ka kuma ba injin akwatin iyaka da ya ɗauko daga Danmagaji zuwa Shika, daga Wusasa zuwa Basawa. Sai dai ka lura: a sabis ɗin Google na neman adireshi, akwatin fifiko yake bayarwa kawai, ba ya hana a kawo maka abin da ke wajensa. A Nominatim, wani sabis na neman adireshi da ke aiki da bayanan OpenStreetMap (taswirar kyauta da jama'a ke zanawa), kana iya cewa a tsaya cikin akwatin kaɗai. Ko wanne ka ɗauka, ka sake tantance amsar da kanka. Zariya tana wajen 11.07 arewa, 7.70 gabas. Ka lissafa nisan amsar daga nan da dabarar haversine, wato lissafin nisa tsakanin wurare biyu daga lambobinsu, in ya zarce abin da masu babur ɗinka ke zuwa, ka yi watsi da ita. Wannan layi uku ko huɗu ne na rubutu, kuma shi kaɗai zai kashe maganar faɗawa Kaduna.

Sannan ka karanta abin da amsar ke faɗa game da kanta. Google yana liƙa wa kowace amsa matsayi: ROOFTOP yana nufin ainihin ginin, RANGE_INTERPOLATED ƙiyasi ne tsakanin lambobin gidaje, GEOMETRIC_CENTER tsakiyar titi ko yanki, APPROXIMATE kuwa kusa-kusa ne kawai. Akwai kuma partial_match, wanda ke gaya maka wani ɓangare na rubutun kawai aka gane. Yawancin masu farawa lambobin kawai suke ciro wa su bar sauran. A adireshin cikin birni, abin da za ka fi gani shi ne na ukun da na huɗun, ma'ana an kai ka tsakiyar unguwa. Wannan ya isa a buɗe wa mutum taswira a wurin da ya dace, amma bai isa a tura mai babur ba.

In da Geocoder, wato mai neman adireshi na cikin Android, kake aiki, ko wani kunshin Flutter (kayan haɗa manhajar waya) da ke kiransa ta ƙarƙashi, ka sani kyauta ne amma ba shi da alkawari. Yana buƙatar intanet, kuma ba kowace waya ke da abin da ke amsa shi ba, shi ya sa ake fara kiran isPresent, umarnin da ke faɗin ko wayar tana da shi. Tecno da Infinix da itel suna da sabis ɗin Google, amma wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su da shi. Tsohuwar hanyar kiransa tana tsayar da manhaja har amsa ta zo, shi ya sa daga Android 13 aka kawo wadda ke jira a gefe. Kuma ka shirya wa filayen da ke dawowa babu komai, musamman sunan titi. Na iPhone shi ma yana taƙaita yawan tambaya, don haka kada ka kira shi duk lokacin da mutum ya motsa taswira.

Lambobin da waya ke bayarwa

Mutane suna ɗauka duk abin da waya ta ce GPS ne. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, waya kuma tana buƙatar jin aƙalla guda huɗu kafin ta san inda take. Sababbin wayoyi suna haɗawa da Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. A fili, inda sama ke buɗe, kuskuren bai cika wuce mita biyar ba. A cikin ɗaki mai rufin kwano, ko lungu mai dogayen katangu, siginar tana raunana, sai wayar ta koma ƙiyasi da turakun sadarwa da Wi-Fi, kuskuren ya kai ɗaruruwan mitoci. Sau da yawa ma lambar farko da take miƙo maka ta inda aka yi amfani da ita jiya ce.

Kowace lamba tana zuwa da ma'aunin daidaito a mita. A Android ma'anarsa ita ce akwai yiwuwar kashi 68 cikin ɗari mutum yana cikin wannan da'irar. Ka ajiye ma'aunin tare da lambobin, kada ka karɓi alama sai ya sauko ƙasa da mita ashirin ko talatin, kuma ka zana da'irar a taswira mutum ya gani da idonsa. Ka rubuta masa da Hausa: "Ka fito ƙofar gida ka ɗan jira." Tun daga Android 12 da iOS 14 na iPhone kuma mai waya na iya ba ka izinin wuri na kusa-kusa maimakon na daidai, wanda zai iya kauce wa gidan da fiye da kilomita ɗaya. Ka gano hakan, ka yi masa bayanin dalilin da ya sa kake neman na daidai.

Ga abin da na fi so ka tsaya a kansa, domin shi littattafan waje ba sa kawowa. Inda mai oda yake ba lallai nan za a kai kaya ba. Ɗalibi a Samaru zai sayi magani a kai wa mahaifiyarsa a Limancin Kona. Matar aure za ta yi oda daga ɗakinta a can ƙuryar babban gida, alama ta faɗa daidai kan ɗakin, amma zauren gidan yana kallon wani lungu dabam da wanda taswira za ta bi da mai babur. Ba za ka ce ta fito waje ta tsaya tana jiran sigina ba. Saboda haka ka ba da hanyoyi fiye da ɗaya: mutum ya ja alama da yatsa a kan hoton tauraron ɗan adam, ko ya liƙa wurin da aka turo masa ta WhatsApp, ko ya zaɓi sanannen wuri mafi kusa ya ƙara kwatance. Ka bar filin kwatance a buɗe, ka ƙara maɓallin naɗar murya, domin mutanenmu sun fi iya kwatance da baki.

A ayyukan da na yi na tattara bayanai gida-gida da na kai kaya, alamar da ta fi kowace inganci ita ce ta wanda ya kai saƙon. Yana tsaye a waje, a bakin ƙofar da ake shiga, wayarsa ta daɗe tana bin taurari a hanya. Lokacin da ya danna "na miƙa", manhajar ta ɗauki wurin, ta ajiye shi a matsayin ƙofar wannan gida. Kai saƙo na farko zai sha kiran waya, na biyu kuwa kai tsaye za a je. In ka yi haka, duk odar da aka kai tana gyara maka taswirarka.

Ƙananan abubuwa masu jefa alama nesa

Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, na longitud kuma a daidai Zariya kusan 109. Ke nan lamba ta uku bayan ɗigo tana wakiltar kusan mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya da ɗan kai. Biyar ko shida sun ishe ka. Ka ajiye su a nau'in double, wato nau'in lambar da ke riƙe lambobi da yawa bayan ɗigo.

Wanda ya fi cin mutane shi ne juya lambobin. Google latitud yake sawa a gaba, wasu kayan aikin taswira kuwa, irin su GeoJSON da PostGIS da Mapbox, longitud suke fara sawa. In ka juya na Zariya, 7.70 arewa da 11.07 gabas, alamar za ta sauka a jihar Taraba. Tana nan cikin Najeriya, don haka binciken "a ƙasar nan take?" ba zai kama kuskuren ba, sai binciken nisa da na faɗa a sama. In kuma ka ga alama a cikin teku kudu da Ghana, sifili da sifili ne, wato wani fili ya zo babu komai aka cika shi da 0.

Sai digiri da mintuna. 11°04′ ba 11.04 ba ne, 11.067 ne, domin minti sittin ke cika digiri. Bambancin ya kai kusan kilomita uku. Wayar da aka saita da Faransanci, kamar ta baƙinmu daga Nijar, tana iya rubuta 11,07 da waƙafi, wadda aka saita da Larabci kuma ta canza siffar lambobin gaba ɗaya, saboda haka ka tilasta tsari ɗaya duk lokacin da za ka tura lamba zuwa saba, wato kwamfutar da manhajarka ke aika wa bayanai. In wani ya kawo maka lambobi daga takardar safiyo ta fili, ka tambayi ma'aunin da aka yi su da shi. Waya da WGS84 take aiki, wato ma'aunin da GPS ke bi, taswirorin safiyo na Najeriya da yawa kuwa a kan ma'aunin Minna suke, a mitocin UTM (tsarin da ke auna wuri da mita, ya raba duniya shiyya-shiyya), Zariya tana shiyya ta 32. In ba a juya su daidai ba, za ka kauce da gomman mitoci, wanda a cikin birni ya isa ya kai ka gida na uku.

Ka gina naka kundin wurare

Tun da injin bai san wuraren da mutanen gari ke kwatance da su ba, kai ka rubuta su. Teburi ne mai sauƙi: suna, sauran sunayen da ake kiran wurin da su, lambobi, unguwa. Ka fara da waɗanda kowa ke ambata: Ƙofar Doka, Babban Dodo, Fadar Sarki, PZ, Kwangila, Agoro, kasuwar Sabon Gari, ƙofofin ABU kowace da nata, Kongo, Barewa, Alhudahuda, asibitin Gambo Sawaba, asibitin koyarwa na Shika. Daga nan ka sauka zuwa masallatai, makarantun Islamiyya, gidajen mai da tashoshin mota. Ka tambayi masu babur ɗinka, su ne suka san sunan da ake kiran kowace kwana da shi, wanda sau da yawa ya saɓa da abin da ke kan allo. Wajen nema, ka sa manhajar ta ɗauki ƙ da k ɗaya ne, ɗ da d ɗaya ne, ta kuma haɗa Unguwar da Anguwan. Wannan kundin ƙarami ne, zai zauna cikin wayar a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai na cikin waya, ya yi aiki ko babu data. Ka fara nema a cikinsa, sai in ba a samu ba a tambayi sabis na waje. Shi ne kuma zai gyara maka aiki na biyu: maimakon "titi marar suna", manhajar ta ce "kusan mita 150 daga Ƙofar Kuyambana", abin da ɗan gari zai gane nan take.

Lambobin da ke cikin kundin su zama naka, waɗanda kuka ɗauka da wayoyinku. Sharuɗɗan Google ba su yarda ka kwashe amsoshinsu ka gina rumbu ba: lambobin na ɗan lokaci ake riƙewa, kwana 30, abin da ake iya ajiyewa dindindin shi ne place ID, lambar shaida da Google ke ba kowane wuri. Ka karanta sharuɗɗan da kanka domin ana sabunta su. OpenStreetMap ya fi sakin hannu, sai dai dole ka ambace su a manhajar, kuma sabar Nominatim ta jama'a tambaya ɗaya a daƙiƙa ta yarda da ita, ba ta kuma yarda a yi mata neman da ke fitowa yayin da mutum ke buga haruffa ba. In ka girma, kana iya sauke bayanan Najeriya ka kafa taka. Ina kuma roƙonka, lungunan da kuka gano ku zana su a OpenStreetMap daga abin da kuka auna da kanku, wanda zai haɗa manhaja bayanka ya samu.

Don a iya faɗin wuri ta waya ko a tura ta tes, Plus Codes suna da amfani. Tsari ne da Google ya fitar a buɗe, lissafi ne zalla, ba ya buƙatar intanet. Haruffa goma suna nuna fili mai kusan mita 14 a kan 14, na wuraren Zariya kuma suna farawa da 7F39. Ba adireshi ba ne da wani zai gane da ji, lambobin ne aka taƙaita, don haka ka sa shi a kan rasit a gefen kwatance.

Maganar kuɗi gajera ce. Sabis na Google ana biya ne bisa yawan tambaya. Kada ka tura tambaya a kan kowane harafi, ka jira mutum ya ɗan dakata da bugawa. Makullin API kuma, wato lambar sirri da manhajarka ke shiga sabis ɗin da ita, kada ka bar shi a sake cikin manhajar, ka ɗaure shi da manhajarka kaɗai ko ka bi da tambayoyin ta sabarka.

Inda wannan hanyar ta tsaya

Alama tana faɗin inda ƙofa take, ba ta faɗin yadda za a isa. Rafin Kubanni da layin dogo sun ratsa garin, saboda haka gidaje biyu na iya zama kusa a miƙe amma sai an zagaya ta gada. Kada ka yanke kuɗin kai saƙo da nisan miƙe kaɗai, ka raba garin shiyya-shiyya ko ka yi amfani da nisan hanya. Lungun da ke biyuwa da rani na iya yankewa da damina, wani kuma an toshe shi da gini alhali hoton sama na shekarun baya ne. Kiran waya ba zai ɓace ba, raguwa zai yi. Ka sa maɓallin kira a inda mai babur zai gan shi ba tare da nema ba.

Abu na ƙarshe, abin da kake tarawa ƙofofin gidajen mutane ne, tare da lambobin wayarsu da lokutan da suke gida. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka ko da kai kaɗai ne a ɗakin kwananka na makaranta. Ka nemi izinin wuri lokacin da ake yin oda kawai, ba kullum ba. Mai babur ya ga alamar da lambar waya muddin saƙon yana hannunsa, in ya miƙa su ɓace daga wayarsa. Ka ba mutum damar goge gidansa daga rumbunka in ya so, kuma a kundin wuraren da kowa ke iya nema kada ka sa gidan kowa, sai wuraren jama'a.